Garin neman gashi, kada mu rasa fatar kai



Duk mai waya a hannu ya san kwalbar da zan yi magana a kai. Ƴar ƙarama ce, tana yawo a sitatus na WhatsApp da bidiyon TikTok: man rosmari, wanda a Faransanci ake ce wa romarin. Tallar kuwa kusan iri ɗaya ce ko'ina. Hotuna biyu, a na farko gaban goshi ya cinye, a na biyu gashi har gadon baya. A ƙasa a rubuta: yana tsiro da gashi cikin sati biyu, yana cika gemu, yana korar amosani, na itace ne zalla, ba shi da illa. Kamar yawancin kayan shafarmu, daga Kano yake biyowa ta Jibiya da Ɗan Isa ya sauka Maraɗi, daga can a ba direba ya kawo Dakoro ko Kornaka ko Sabon Mashi. Da ƴan jikkunanki, ɗan kabu-kabu ya kawo miki har ƙofar gida.

Kalmomi huɗu na ƙarshen tallar nan su ne damuwata: "ba shi da illa". Bari in faɗi matsayina tun yanzu, don kada a juya mini magana. Ban ce man rosmari guba ne ba, kuma ba na kiran a hana saida shi. Abin da nake cewa shi ne, mai ne mai ƙarfi, yana da ma'auni, in aka wuce ma'aunin yana ƙona fata. Duk wanda ya miƙo miki kwalba bai gaya miki abin da ke ciki da yadda ake auna shi ba, ya ci haƙƙinki, ko da kuwa ƙawarki ce tun ta lakwal. Kuma da yake ɓarnar tana ɓoye ne ƙarƙashin kallabi da hula, ba mai jin labarinta sai in mu muka faɗa.

Me ke cikin kwalbar?

Rosmari ɗan ƙaramin itace ne mai siraran ganye, dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya. Asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, kuma Maroko da Tunisiya da Sifen na cikin manyan masu fitar da mansa. Mutanen can suna sa ganyen a gashin nama, suna dafa shi kamar shayi. Wannan ba shi ne abin tsoro ba. Amma abin da ake rubuta wa "huile essentielle" a jikin kwalba wani abu ne daban. Ana turara ganyen ne a babbar tukunya, tururin ya kwaso sinadaran ƙamshin, a sanyaya shi, a kwashe ɗan man da ya taso a sama. Kilo 100 na ganye da ƙyar yake ba da lita ɗaya zuwa biyu. Ke nan ƴar kwalbar nan mai mililita 10, ƙarfin ganye rabin kilo zuwa kilo guda ne aka matse a cikinta. Shi ya sa nake kiransa tsantsar mai.

Manyan sinadaran da ke cikinsa su ne siniyol, mai irin ƙamshin man zafin da muke shafawa in mura ta kama mu, da kafur, da wasu dangin sinadaran da ke cikin ƙaron itatuwa. Yawansu ya danganta da ƙasar da itacen ya tsiro. Na Maroko da Tunisiya, kusan rabinsa siniyol ne. Na Sifen ya fi kafur, yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar. Kwalba biyu masu suna ɗaya na iya bambanta ƙwarai wajen ƙarfi, kuma hanci ba ya iya auna wannan.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, abubuwa har huɗu ake saidawa da sunan "man rosmari". Akwai ruwan dafaffen ganye da ake fesawa, shi ne mafi sauƙi, amma a zafin garinmu kwana kaɗan ya isa ya lalace. Akwai man da aka jiƙa ganye a ciki, kamar man zaitun ko man kwakwa. Akwai tsantsar man da na bayyana, wanda ba a shafa shi haka nan sai an sirka. Akwai kuma jabu, man banza da aka zuba wa turare da kala, ko tsantsar da aka ƙara wa kafur mai araha don ta yi auki, abin da masu harkar irin waɗannan mayuka suka daɗe da sani a duniya. In an ɗura miki a kwalbar da ba takarda a jikinta, yaya za ki san wanne ne a hannunki? Sau da yawa ita kanta mai saidawar ba ta sani ba. Sari ta yi, aka ce mata a shafa safe da yamma, ita ma ta faɗa.

"Ai na itace ne"

Wannan ita ce amsar da aka fi ba ni, kuma wallahi ban san inda muka koyo ta ba, mu da muka tashi a karkara. Tumfafiya itace ce, ga ta nan ko'ina a bayan gari. Wace uwa ce ke barin ɗanta ya yi wasa da nononta kusa da ido? Tinya itace ce. Zaƙami itace ne, kuma mun san abin da yake yi wa hankalin samari. Ƙwayar zurma ma daga itace ta fito. Barkono abinci ne, amma ki daka shi ki sosa ido ki ji. Allah ya halicci itatuwa da sinadaran da suke kare kansu daga ƙwari da dabbobi, kuma yawancin ƙamshin da muke yabo yana cikin waɗannan makaman. Fata ba ta tambayar ko abu daga kamfani ya fito ko daga daji. Ƙarfinsa da yawansa kawai take ji.

Masu cewa kakanninmu da itatuwa suka rayu, gaskiya suka faɗa, amma su ƙarasa maganar. Kakanninmu sun wanke kai da karkashi da ganyen magarya, sun shafa man shanu da man kaɗe, sun sa lalle. Duk abubuwa ne da suka sani ciki da waje, kuma ko mai maganin gargajiya na kirki yakan ce ɗan kaɗan za ki sa, kada mai ciki ta sha, kada a ba jinjiri. Ma'auni da hani suna cikin gadon. Mu ne muka ɗauko abin da ya fi na kakanni ƙarfi nesa ba kusa ba, muka yar da ma'aunin, muka riƙe bidiyon daƙiƙa talatin a madadinsa.

Abin da yake yi wa fata

Hanya biyu tsantsar mai ke cutar da fata. Ta farko ita ce ƙuna kai tsaye, kuma tana iya samun kowa in man ya yi yawa. Wuri ya ɗau zafi da raɗaɗi, ya yi ƙaiƙayi, daga baya ya bushe ya fara saɓa kamar amosani. A baƙar fata ba lalle ne a ga ja ba, sai dai wurin ya yi duhu ko toka-toka, shi ya sa mutane ke rainawa. Nan ne ake yi mana ƙaryar da ta fi kowace ciwo: wai zafin alama ce ta yana aiki, wai dattin kai ne ke fita. A'a. Jiki magayi. Raɗaɗi fata ce ke cewa a ɗauke mata abin nan. Fatar kan da ta kumbura kuma aka yi ta sosawa, gashi karyewa yake yi yana zuba, sai mai shi ta ɗauka man ne bai isa ba, ta ƙara.

Hanya ta biyu ita ce alerji, wato jiki ya ɗauki abin a matsayin abokin gaba. Wannan ya fi wayo. Mutum na iya shafawa sati uku ko wata biyu lafiya lau, rana ɗaya sai ƙuraje masu ruwa su feso a goshi, bayan kunne, wuya, har fatar ido ta kumbura. Yawanci ba nan take suke fitowa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, don haka ba a zargin man, sai a ce zafi ne ko sabulu ko wani abinci. In jiki ya riga ya koyi ƙin abu, da wuya ya manta, ko ɗan kaɗan ya taɓa shi sai ya tashi. Likitocin fata sun rubuta irin wannan game da rosmari, ko da yake ba kowa yake samu ba. Saboda haka "ni na shafa ban ga komi ba" shaida ce a kan fatar mai maganar kaɗai.

Sannan ga yanayinmu. A Dakoro, watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Irin waɗannan mayuka, zafi da hasken rana da iska suna canza sinadaransu, kuma tsohon man da ya canza ya fi sabo tayar da fata. Shi ya sa masu yin na ƙwarai ke zuba shi a kwalbar gilashi mai duhu. Mu kuwa sai ka gan shi a farar roba, a kan tebur, rana na dukansa tun hantsi har la'asar. Bayan haka a shafa, a ɗaura leda kamar yadda bidiyo ya koyar, a sa kallabi, a ɗora hijabi, a kwana da shi. Rufewa da zufa suna sa abin ya ƙara ratsa fata. Yarinyar da ta yi bidiyon tana zaune ne a gari mai sanyi, kanta a buɗe. Ba yanayinku ɗaya ba.

Ko ƙunar ta warke, a fatarmu takan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya washe. Daga nan sai wata kasuwar ta buɗe: man cire tabo, wanda sau da yawa man bilicin ne aka canza wa suna. Wadda kuwa ta riga ta daɗe tana bilicin, fatarta ta yi siriri, tsantsar mai ta fi saurin yi mata rauni. Haka wadda ta sa man miƙar da gashi kwanan nan, ko saurayin da ya fito daga wurin aski da ƴan yanke-yanken reza a haɓa ya shafa don gemu ya cika. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Inda nake roƙon a fi kiyayewa shi ne yara. Kafur da siniyol suna iya jawo jijjiga ga ƙananan yara, musamman in sun sha ko an shafa musu kusa da hanci. A 2008 hukumar da ke kula da magunguna da kayan shafa a Faransa a lokacin ta ba da shawarar kada a sa kafur ko siniyol ko mantol a kayan shafar yara ƴan ƙasa da shekara uku. Mu a nan, uwa ta gama shafa nata, ta ga kan ɗiyarta ba gashi sosai, ta goga mata ragowar da ke tafin hannu. Ko a bar kwalbar a kan madubi, marfinta ba wuyar buɗewa, ƙamshinta kamar alewa. Mai farfaɗiya ya nisanci wannan mai, mai asma ya yi hattara da ƙamshinsa. Mai ciki da mai shayarwa kuwa, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ba ta ba da shawarar su yi amfani da shi ba, saboda babu isasshen binciken da ya tabbatar ba ya cutar da su. A cikin tallan da ke yawo a wayoyinmu, sau nawa kuka ga an ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan?

To, yana tsiro da gashin kuwa?

Mu yi wa man adalci. Akwai bincike guda da kusan duk masu talla ke jingina da shi, ko sun san shi ko ba su sani ba. A 2015 wasu masana a ƙasar Iran suka wallafa shi a mujallar likitocin fata mai suna SKINmed. Mutum 100 masu sanƙon gado aka raba gida biyu: 50 suna shafa man rosmari, 50 suna shafa maganin farmasi da ake kira minoksidil mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. Bayan wata uku, ba a ga canji a kowane ɓangare ba. Sai bayan wata shida aka ga gashi ya ƙaru a duka biyun, kusan daidai da juna. Ƙaiƙayin kai ya ƙaru a duka ɓangarorin, amma ya fi yawa ga masu minoksidil. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, ban musa ba. Sai dai mutum 100 ne kawai, ba a sa rukuni na uku da aka ba man da ba komi a cikinsa don a gwada ba, kuma irin zubar gashi guda ɗaya aka duba, ta gado. Wata shida suka jira. Gashin ɗan Adam kuwa kimanin santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata. Duk wanda ya yi miki alkawarin sati biyu, ko bai sani ba, ko ya san ba ki sani ba.

Guguwar ta taso ne daga Amurka. A ƙarshen 2022 wata matashiya mai miliyoyin mabiya a TikTok ta yaba wani man rosmari da na'ana'a na kamfanin Mielle, aka yi ta rububinsa. A Janairun 2023 babban kamfanin nan Procter & Gamble ya sayi Mielle. A 2024 wasu mata suka fito a intanet suna kukan zubar gashi da ƙaiƙayi, kamfanin ya amsa cewa bai canza haɗinsa ba kuma kayansa ba su da matsala. Ba na yanke hukunci tsakaninsu. Abin lura a wurina shi ne, matan can suna da kwalba mai jerin abin da ke ciki, da sunan kamfani, da adireshin da za su kai kuka, har sai da kamfanin ya fito ya yi bayani. Ƴar Dakoro da goshinta ya saɓe, wa za ta tambaya? Lambar waya ce kawai, kuma ana iya toshe ta.

Kafin ma a kai ga mai, ya kamata mu tambayi kanmu me ke zubar mana da gashi. Gashi 50 zuwa 100 a rana kowa na zubarwa, wannan ba ciwo ba ne. Cinyewar gaban goshi da gefen kai da ta dami mata da yawa, babban dalilinta ja ne: kitso mai tsauri, nauyin mesh, gam ɗin hular gashi, ɗaurin da ke sa mutum kwana da ciwon kai. Binciken da likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a 2007 ya samu wannan matsala ga kusan mace ɗaya cikin uku da suka duba a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. In aka sassauta da wuri, gashin na dawowa. In aka daɗe, saiwar ta mutu, babu man da zai tashe ta. Akwai zubar gashi bayan haihuwa, wadda ke farawa wata biyu zuwa huɗu da sauka, kuma yawanci takan daina da kanta. Akwai wadda ke biyo bayan zazzaɓi mai tsanani. Akwai ƙarancin jini, wanda ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna yana damun kusan rabin matan Nijar da ke shekarun haihuwa. Akwai makero a kan yara, wanda maganin sha yake buƙata. Shi kansa amosani, yawan lafta mai na iya ƙara shi. Duk wata shidan da aka ɓata ana shafa abin da bai dace da ciwon ba, ciwon gaba yake yi.

Ciwon da ke ƙarƙashin kallabi

Ga inda abin ya zama maganar haƙƙi. Wadda man ya karɓe ta, za ta turo hoto, a sa a sitatus, kowa ya gani. Wadda ya ƙona, kunya za ta ji. Ta ja kallabi ta rufe goshi, ta ce ai ba komi. In ta daure ta yi wa mai saidawa magana, amsa a shirye take: fatarki ce ba ta da kyau, ba ki bi ƙa'ida ba, ko kuwa bakin mutane ne. Wace ƙa'ida, alhali ba a ba ta ko ɗaya ba? Saurayi shi ma ba zai zauna a fada ya ce gemun da yake nema ne ya jawo masa ƙurajen haɓa ba, dariya za a yi masa. Ta haka kasuwa ke jin yabo kaɗai, kuka ba ya isa kunnenta. Kwalbar da ta ƙona mutum biyar a ɓoye sai ta ci gaba da yawo da shaidar mutum biyu a fili. Mun ga yadda wannan shirun ya yi mana da man bilicin, mun ga yadda ya yi mana da baƙin dayis na ƙunshi. Sai ɓarna ta yi nisa ake fara magana.

Na san za a ce ina son kashe sana'ar mata. Yawancin masu wannan talla ƴan'uwanmu ne, wasu da digiri a hannu ba aikin yi, da ribar ƴan kwalaben nan suke sayen sabulu da katin waya. Ina girmama duk wadda ta tashi ta nemi na kanta. Amma ƴar'uwa, ciniki amana ne. Rubuta a takarda abin da kika haɗa, da yawan tsantsar man da kika zuba, da ranar da kika haɗa, da sunanki da lambarki, ba zai ci miki ko dala ashirin a kwalba ba. Ki ƙara da layi ɗaya: ba na yara ba ne, ba na mai ciki ba ne, a gwada kafin a shafa. Wannan ba ya korar mai saye. Mai sayen da ta ga kin damu da lafiyarta ita ce ke dawowa da ƙawayenta. In kuwa ke ma ba ki san abin da ke cikin kayan da kika saro ba, ki tambayi wanda ya saida miki. In ya kasa amsawa, kin san irin kayan da ke hannunki.

Hukuma ma da nata. Nijar na da dokar kare haƙƙin masu saye tun 2015. Ƙungiyar UEMOA, wadda muke ciki, ta amince da ƙa'idojin tantance kayan shafa tun 2010. Muna da ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa, LANSPEX, a Yamai, wanda aikinsa ne duba ingancin irin abubuwan da ke shiga jikin mutane. Kayan da aka yi a Najeriya kuwa ya kamata su zo da lambar rajistar NAFDAC, duk da cewa ita ma ana buga ta jabu. Takardu dai akwai su. Abin tambaya, me ya iso teburin mai kayan shafa a kasuwar Dakoro daga cikinsu? Kuma in abu ya ɓaci, ganin ƙwararren likitan fata na nufin tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Maraɗi ko asibitin Danja, ko ma Yamai. Kuɗin mota kaɗai ya ninka kuɗin kwalbar. Talaka ke sayen abin da ba a tantance ba, shi ne kuma ke biyan kuɗin gyaran ɓarnar.

In dai sai an shafa

Ga ma'aunin da masu sanin abin ke bi. Kada tsantsar mai ta taɓa fata ita kaɗai. A sirka ta da mai mai laushi, kamar man riɗi, man aduwa, man zaitun ko narkakken man kaɗe. Don fatar kai, ɗigo ɗaya zuwa biyu a cikin ƙaramin cokalin shayi guda na man sirki, wato kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Don gemu da fuska, ɗigo ɗaya a cokali biyu ya isa. Ruwa ba ya sirka shi, a sama yake tasowa da ƙarfinsa. Kafin ya hau kai, a gwada haɗin a lanƙwasar hannu ta ciki. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka na ba da shawarar a shafa sabon abu a ɗan wuri guda sau biyu a rana, kwana 7 zuwa 10, a gani. Kada a sa a kan rauni, ko ƙuraje, ko ranar da aka yi aski ko aka miƙar da gashi. Kada a rufe da leda a kwana. A ajiye kwalbar a inuwa, a rufe sosai, inda hannun yaro ba ya kaiwa. In warinsa ya canza ko ya yi kauri, a zubar.

In kuwa ya riga ya ƙona, a daina nan take, kada a ce bari a ga ƙarshen kwalbar. A goge wurin da man girki, a wanke da sabulu mara ƙamshi da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15, a tafi likita. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, don abin na iya sarƙe shi ya shiga huhu. A ɗauke shi da kwalbar a nufi CSI mafi kusa ko asibitin gundumar Dakoro. Fuska ko leɓe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, ƙuraje suna ruwa ko suna yaɗuwa, duk na gaggawa ne. Kuma don Allah kada a je wurin mai tebur a sayo ɗan tub a shafa a kai, yawancinsu su ne dai magungunan da ake bilicin da su, ba a amfani da su sai da umarnin likita.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Mu masu saye mu koyi tambaya uku kafin mu miƙa kuɗi: mene ne a ciki, an sirka ko tsantsa ne, wa ya haɗa? Ba amsa, ba ciniki. Masu kitso da masu aski su daina shafa wa mutum abu ba tare da sun gaya masa ba. Masu mabiya da ake biya su yi talla su tuna cewa ƙannenmu ƴan shekara goma sha biyar na kallonsu. Ma'aikatan lafiya na gundumarmu su riƙa tambayar mai ƙurajen kai abin da ya shafa, su rubuta, don a san girman abin. Gidajen rediyonmu na gari su ba wannan magana fili kamar yadda suke ba masu tallar magani. Ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata su waiwayi teburin kayan shafa, hukuma kuma ta ɗebi samfuri daga kasuwannin Maraɗi da Dakoro ta gwada, ta faɗa mana sakamako da Hausa.

Ke kuma da abin ya taɓa samu, ba laifinki ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Ki gaya wa wadda ta saida miki, cikin mutunci. Ki gaya wa ƙanwarki da ƙawarki kafin su saya. Son gashi mai kyau ba aibu ba ne, amma a kan lafiyayyar fata yake tsirowa.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu riƙe amanar juna a ciniki. Ku tura wa wanda kuka san yana da kwalbar nan a ɗaki.